Kwamfutar Tebur a Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi: Haɗa Ta Ya Fi Sayen Ta a Kwali

Shimfiɗa

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da ke neman gurbin karatu a jami'o'in Nijeriya sai ya zauna gaban kwamfuta kafin ya rubuta jarrabawar JAMB, domin a shekarar ce hukumar ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya, bayan ta fara gwada sabon tsarin a 2013. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta soma da ɗaliban da ke rubuta jarrabawar a ƙashin kansu. Duk da haka, yara da dama a ƙasar Hausa ba su taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, a wani shago da suka biya kuɗin sa'a ɗaya ko biyu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya san amsa, amma hannunsa na rawa a kan na'urar da bai saba da ita ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun kafin a buɗe tambayar farko.

Amsar da iyaye suka fi bayarwa ita ce kwamfuta ta fi ƙarfin talaka. Wannan magana tana da gaskiya idan ana nufin sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ake ɗaukowa a kwali daga babban kanti, musamman tun bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Amma akwai wata hanya da ba a cika kula ta ba, wato iyali su haɗa kwamfutar tebur daga sassa daban-daban, sababbi ko na hannu, gwargwadon aikin da za su yi da ita. Wannan hanya ta fi dacewa da aljihun mai ƙaramin ƙarfi, ta fi jure zaman gida mai yara, kuma tana barin ilimi a hannun wanda ya bi ta.

Yadda Aka Yi Kwamfuta Ta Zama Abin Haɗawa

Wanda bai taɓa buɗe akwatin kwamfuta ba yakan ɗauka cewa injiniya ne kaɗai zai iya taɓa cikinsa. Tarihin na'urar ya nuna akasin haka. A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta mutum ɗaya, kuma saboda gaggawar shiga kasuwa bai ƙera sassanta da kansa ba. Ya sayo ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai daga kamfanin Intel, ya karɓo babbar manhaja daga Microsoft, sannan ya wallafa bayanin yadda aka tsara na'urar. Ba a jima ba wasu kamfanoni suka fara ƙera irinta. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allon da sassa ke hawa kansa, da wuraren ƙusoshinsa, da irin mahaɗin wutarsa. Daga nan ne ya zamana allon kamfani kaza yana zama daidai a akwatin wani kamfani, ma'adanar wani kuma ta shiga ta yi aiki ba gardama.

Sassan da ake buƙata ba su wuce bakwai ba: furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, babban allo da 'yan kasuwa ke kira madabod, ma'adanar wucin gadi ta RAM, ma'adanar dindindin, akwatin raba wuta, fankar sanyaya furosesa, sai kuma akwatin da zai ɗauke su duka. A waje akwai sikirin, da kibod, da linzami. Kusan kowace waya an yi mata baki da ba ya shiga sai a gurbinta, kuma sukundireba ɗaya ta isa aikin. Matashin da ke iya kwance wayar salula a kasuwar Farm Centre ta Kano ya sauya mata gilashi, yana yin aikin da ya fi wannan laushi da wuya.

Abin da Gida Ke Buƙata da Abin da Ba Ya Buƙata

Kuskuren farko da mai saye ke faɗawa ciki shi ne biyan kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Aikin gida sananne ne: buga rubutu, lissafin shago, atisayen jarrabawa, cike fom a intanet, kallon darasi, sauraron karatun malamai, da adana hotuna da takardun iyali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman katin sarrafa hoto na musamman, wanda masu wasannin kwamfuta ke saye da tsada. Yawancin furosesar Intel Core i3 da i5 suna ɗauke da nasu sashen nuna hoto a ciki, haka ma ta AMD masu harafin G a ƙarshen lambarsu, kamar Ryzen 3 3200G da Ryzen 5 5600G. Barin wannan kati kaɗai yana rage kuɗi, yana rage shan wuta, yana kuma rage zafi.

Inda ya kamata kuɗi su tafi shi ne wurare biyu. Na farko, ma'adanar dindindin. Tsohon faifan had-dis yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wani ɗan hannu na bin sa yana karanta bayanai, kuma shi ne sanadin yawancin nauyin jikin da ake ɗora wa tsofaffin kwamfutoci. Ma'adanar SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, kuma ko mai araha daga cikinta tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, ninki uku ko huɗu na had-dis. Mai gigabait 256 ta wadatar da gida. Na biyu, RAM. Gigabait 4 yana kunna na'ura, amma da zarar an buɗe shafukan intanet biyar ko shida sai ta fara numfashi sama-sama. Gigabait 8 shi ne gwargwadon da ya dace, kuma tunda allon tebur yana da gurbi biyu ko huɗu, ana iya ƙara wani daga baya idan hali ya samu.

Wannan damar ta ƙari sannu a hankali ita ce babbar falalar kwamfutar tebur. Mai albashi ko ɗan tireda ba ya tara kuɗi masu yawa a lokaci guda, amma yana iya fara wa da abin da ya sawwaƙa, ya yi amfani da talabijin ɗin falo a matsayin sikirin idan tana da mahaɗin HDMI, ya sayi sikirin na musamman bayan wata uku, ya ƙara RAM bayan girbi. Haka Bahaushe ke gina gidansa, ɗaki bayan ɗaki. A da yawa daga cikin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu araha kuwa, an liƙe RAM a jikin allo da dalma, abin da aka saya da shi za a zauna har ta mutu. Idan yaro ya zubar da koko a kan kibod ɗin kwamfutar tebur, asarar ba ta wuce kibod ba. Idan ta tafi-da-gidanka ce, ruwan yana gangarawa kai tsaye kan allon da ke ƙarƙashi.

Sababbin Sassa ko na Hannu

A nan akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. A ƙasashen Turai da Amurka, haɗa kwamfuta na nufin sayen kowane sashe sabo. A kasuwannin Nijeriya, daga Computer Village ta Ikeja zuwa Banex ta Abuja da titin Beirut na Kano, haɗa na'ura da sababbin sassa zalla sau da yawa ya fi tsada a kan sayen tsohuwar kwamfutar ofis da aka shigo da ita daga waje. Kamfanoni a can suna sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, kuma an ƙera su ne domin su yi aiki daga safe zuwa yamma shekara da shekaru. Saboda haka, ga iyali mai ƙaramin ƙarfi, haɗawa mafi ma'ana ita ce a sayi irin wannan gangar jiki ta tokumbo, a cire tsohon had-dis a sa sabuwar SSD, a cika RAM, a share ƙura, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da fanka.

Sai dai kasuwar gwanjo tana son ido. Sunan Core i7 kaɗai ba ya nuna komai, domin akwai Core i7 ta 2011 wadda Core i3 ta 'yan shekarun nan ta fi ta gudu. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke faɗin zamani: i5-4570 zubi na huɗu ce, ta 2013, i5-8500 kuwa zubi na takwas ce. RAM nau'in DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, kuma kowace furosesa da irin mazaunin da take hawa. Akwai manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna sa'o'in da ma'adana ta yi tana aiki da kuma lafiyarta, kuma ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a gwada kayansa a gabansa ya riga ya ba da amsa. Haka nan wasu daga cikin kwamfutocin ofis suna da akwatin wuta mai mahaɗi na daban wanda ba ya bin ma'aunin ATX, don haka ya kamata a tabbatar ana samun madadinsa a kasuwa kafin a biya.

Abu ɗaya da bai kamata a nemi arha a kansa ba shi ne akwatin raba wuta. Shi ne ke karɓar wutar gida ya mayar da ita zuwa ƙaramin ƙarfin da sassa ke sha, kuma mara kyau idan zai mutu yakan tafi da allo da ma'adana. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Wuta, Zafi da Ƙura

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa kwamfutar tebur ita ce ba ta da batir. Wannan suka ce mai nauyi a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Gidan da ba ya ganin wuta sai sa'a ɗaya ko biyu a rana, kuma ba shi da sola ko janareta, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi masa amfani. Babu dalilin musanta hakan.

Amma ana yawan zuzuta wutar da kwamfutar tebur ke sha. Na'urar ofis da ba ta da katin hoto na musamman ba ta cika wuce wat 60 ba a aikin yau da kullum, sikirin na zamani mai inci 19 zuwa 22 kuma yana shan kimanin wat 25. Jimilla wat 85 ke nan, wato kaɗan ya ɗara fankar sama guda ɗaya, kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na dutsen guga mai wat 1,000 ba. Idan aka kunna ta sa'a huɗu kullum, za ta ci kimanin yunit 10 a wata. Ko a farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 2,500 ba. Akwai kuma ƙananan kwamfutocin ofis da girmansu bai wuce littafi ba, masu furosesar da ke da harafin T, wadda aka tsara a kan wat 35. Duk gidan da ke da ƙaramar sola da inbata da ke ɗaukar fanka da talabijin zai iya ɗaukar irin wannan. Na'urar riƙe wuta ta UPS kuwa ba ta ba da sa'o'i, amma tana ba da mintunan da za a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa, kuma tana kare ta daga wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Ta fuskar zafi da ƙura, kwamfutar tebur ce ke da rinjaye. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, hunturu kuma yana zuwa da ƙurar da ke shiga ko'ina. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da 'yar siririyar fanka da ƙura ke toshewa, kuma kafin a kai gare ta sai an kwance rabin na'urar. Batirinta ma zafi yana rage masa kwana. Akwatin tebur kuwa ƙusa biyu ake kwancewa a buɗe gefensa, a hure ƙurar, a mayar. Idan aka ɗora shi a kan tebur maimakon ƙasa, aka rufe shi da ƙyalle bayan an kashe, aka share shi a ƙarshen kowane hunturu, yana iya raka yaro daga ƙaramar sakandare har jami'a.

Manhaja da Makomar Rubutun Hausa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 kyauta. Windows 11 kuma ba ta amincewa a hukumance da furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, sannan tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0. Ma'anar wannan ita ce ɗimbin kwamfutoci masu lafiya sun zama abin yarwa a ofisoshin ƙasashen da suka ci gaba, kuma sanannen abu ne inda irin waɗannan kaya suke ƙarewa. Mai saye yana da zaɓi biyu. Ko dai ya nemi zubi na takwas zuwa sama idan lallai Windows yake so, ko ya sayi wadda ta girme ta a farashi mai sauƙi ya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, ana sabunta su, kuma LibreOffice da ake amfani da ita a kansu tana buɗe takardun Word da Excel. Abin da ya fi haɗari shi ne al'adar sa manhajar sata a shago, wadda sau da yawa take zuwa da ƙwayoyin cutar da ke kwashe bayanan mai ita.

Wannan batu ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Wayar salula ta buɗe wa Hausawa ƙofar rubutu fiye da kowace na'ura a tarihi, kuma marubutan adabin intanet, mata musamman, sun rubuta littattafai sukutum da babban yatsa. Sai dai rubutun waya yakan zo ba lanƙwasa a kan ƙ da ɗ da ɓ, ba a raba kalmomi daidai, ba a kuma sake bi a gyara, domin ƙaramin gilashi ba ya nuna shafi guda cikakke. Tace rubutu, da tsara littafi, da haɗa ƙamus, da juya hira daga faifai zuwa takarda, aiki ne na kibod da faffaɗan sikirin. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta na Rabi'at da Abdalla kafin marubuta su sami sauƙin buga baƙaƙe masu lanƙwasa. A yau tsarin Unicode ya ƙunshi waɗannan baƙaƙe, manhajar Keyman tana ba da damar buga su kyauta, har ma akwai haruffan Alkalami da aka zana bisa salon rubutun ajamin Kano. Kayan aikin sun samu. Abin da ya rage shi ne na'urar da za a yi aikin a kanta ta shiga gidaje.

Akwai kuma batun wa ke amfana. Waya ta mai ita ce, tana aljihunsa duk inda ya tafi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ma takan zama ta babban yaya, ya tafi da ita makaranta, ko a sace ta a hanya. Kwamfutar tebur tana zaune a falo kamar tabarma, kowa ya same ta. Yarinyar da ba a bari ta je shagon intanet da yamma za ta koyi buga rubutu a gaban mahaifiyarta, uwar gida mai sana'ar ɗinki ko sayar da kayan miya za ta ajiye lissafinta, iyaye kuma suna ganin abin da yara ke kallo ba tare da sun yi leƙen asiri ba.

Naɗewa

Shirin One Laptop per Child, wanda aka sanar a 2005 da burin kwamfutar dala 100 ga kowane yaro, an gwada shi a wata makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Bai yaɗu a Nijeriya ba, kuma darasin da irin waɗannan shirye-shirye suka bari a bayyane yake: na'urar da aka miƙa wa mutum ba tare da ya san cikinta ba, kuma ba mai gyara a kusa, ranar da ta tsaya ita ce ranar mutuwarta. Wanda ya haɗa tasa da hannunsa, ko ya tsaya aka haɗa a gabansa, ya san abin da zai duba idan ta ƙi tashi, kuma ba za a sayar masa da sabon allo ba alhali RAM ce ta ɗan goce daga gurbinta. Tsawaita rayuwar irin waɗannan na'urori yana kuma rage tarin sharar lantarki, wadda yara ke ƙonawa a bola domin ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙinta.

Nauyin bai tsaya a kan iyaye kaɗai ba. Sassan koyar da Hausa a jami'o'i sun daɗe suna aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha, amma har yanzu mai haɗa kwamfuta a kasuwa da Ingilishi yake kiran kusan kowane sashe, kuma da wuya a sami ɗan littafin jagora cikin Hausa da uba zai riƙe ya shiga shago da shi. Haɗin gwiwa tsakanin sashen Hausa da na kimiyyar kwamfuta zai iya samar da irin wannan jagora mai hotuna, a daidaita sunayen sassa bisa abin da bakin 'yan kasuwa ya riga ya karɓa, a kuma shirya bita ta yini ɗaya ga ɗalibai da malaman sakandare. Jami'o'in da ke da tsofaffin kwamfutoci jibge a sito suna da kayan koyarwar a hannu. Ɗalibin da ya koyi dawo da guda ɗaya daga cikinsu aiki, zai koma unguwarsu da sana'a, kuma ƙannensa ba za su fara ganin linzamin kwamfuta a ɗakin jarrabawa ba.